Amsa ga mai layin da ke yankewa bayan minti goma

Wallahi Malam, ina karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta. Ka ce modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da intanet ta layin tarho, ya yi kukansa ya haɗu, bayan minti goma ya yanke. Na sha wannan azabar.

Kafin ka ga laifin kamfanin intanet, ɗaga kan tarho, danna lamba ɗaya ƙarar ta ɗauke, ka kasa kunne. In ka ji ƙaras-ƙaras kamar ana suyar gyaɗa, layin ne. Nawa da damina yake tashi. Sau uku ina kiran mai gyara, sau uku yana karɓar kuɗin mota, ya hau falwaya ya sauko ya ce an gama. Ashe leda ya naɗa wa mahaɗar, ruwa na shiga. Daren da zan tura wa malamina babi na huɗu, fayil bai kai megabait 2 ba, tun ƙarfe 11 nake fama. Sau bakwai yana yankewa, na ƙarshe saura ƙiris. Har aka kira assalatu ina zaune, idona ya yi ja, kuɗin waya na ta hawa. Da safe na wuce mai gyaran a teburin mai shayi, har da ɗaga min hannu. Abin na ci min rai har yau.

Af, akwai wani tarho ko na'urar fas (fax) a kan layin? Cire su. Wani ya ɗaga a falo, shi ke nan. In kana da tsarin jiran kira, mai yin ɗan ƙara in wani ya kira kana kan layi, sa a kashe maka, ɗan ƙarar nan kaɗai na kayar da modem. Duba Outlook Express ma, manhajar imel ta tsohon Windows, akwai akwatin da ke sa ya ajiye layi da ya gama karɓar saƙo. Tsohon Windows kuma na da saitin da ke yanke layi in ka yi minti 20 ba motsi.

Abin da ya cece ni shi ne rage gudu. A gurbin ƙarin umarnin modem na sa S10=50, ya riƙa haƙurin daƙiƙa 5 kafin ya saki layi, sannan +MS=V34, gudunsa ya sauko daga 56k zuwa 33.6k. Ba kowane modem ke karɓar na biyun ba.

Don Allah in hadari ya haɗo zare wayar daga bango, tsawa ta taɓa ƙona min modem guda. Wane iri ne naka, na cikin kwamfuta ko na waje?