Wa ke ɗauke da ƙungiyoyin hokin ƙanƙara na matasa a ƙananan garuruwan Kanada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana karatu a lardin Saskatchewan na Kanada. Ya ce mini akwai garuruwan da mutanensu ba su kai dubu goma ba, amma kowanne da ƙungiyarsa ta hokin ƙanƙara ta samari, kuma ran wasa gari kan watse a tafi kallo. Yaushe aka fara wannan? Wa ke biyan kuɗin? Me ya sa wasu ƙungiyoyin suka ɗore, wasu suka mutu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ƙanenka ya faɗa maka. Kuɗin ƙofa kaɗai bai taɓa riƙe ƙungiyar ƙaramin gari ba. Kullum akwai mai ɗauke da ita, kuma in ka bi tarihin za ka ga mai ɗaukar nauyin ne ke sauyawa: da fari kamfanonin gari, sai manyan kulob na ƙwararru, daga baya mutanen gari da kansu.

Su waɗannan matasa 'yan shekara 16 zuwa 20 ne. Ana wasan a kan daɓen ƙanƙara mai tsawon mita 61 da faɗin mita 26, mutum shida-shida har da mai tsaron raga, sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora ɗan faifan baƙar roba da sanda. Zagaye uku ne, kowanne minti 20.

Hukumar hoki ta lardin Ontario, wadda aka kafa a 1890, ita ce ta ware wa matasa gasarsu tun farkon shekarun 1890. A 1919 ta ba da Kofin Memorial don tunawa da 'yan ƙasar da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ne kuma babban kofin matasa har yau. A wancan zamanin ƙaramin gari na iya kai wa ga kofin ba tare da wani jari mai yawa ba, domin sanyi ke yin ƙanƙarar kyauta. A share fili a cikin rumfar katako, a kwarara ruwa kaɗan-kaɗan da dare har ya daskare. Matsalar ita ce in iska mai ɗumi ta zo a watan Maris, daɓen ya jiƙe, wasa ya lalace, shi ya sa ake kai wasannin ƙarshe biranen da ke da injin daskarar da ruwa. Garin Owen Sound ya ci kofin a 1924 da 1927, Portage la Prairie kuma a 1942.

Inda akwai ma'adinai ko masana'anta, kamfani ne uban ƙungiya. Oshawa Generals daga kamfanin motoci na General Motors ta samo sunanta. Amma misalin da ya fi fito da abin fili shi ne Flin Flon, garin haƙar tagulla da zinki a kan iyakar Manitoba da Saskatchewan, sama da kilomita 700 daga Winnipeg. Kamfanin Hudson Bay Mining and Smelting na ba 'yan wasan Bombers, ƙungiyar garin, aiki da safe, su yi atisaye da rana, su karɓi albashi. Da haka ake jawo yaro mai hazaƙa zuwa garin da ba mai zuwa sai da dalili. A 1957 Bombers ta doke matasan Ottawa, waɗanda kulob ɗin Montreal Canadiens ke reno, a wasa na bakwai, ta ɗauki Kofin Memorial. Daga garin ne Bobby Clarke ya fito, yaro mai ciwon suga ɗan wani ma'aikacin ma'adinai, wanda kulob ɗin ƙwararru na Philadelphia ya ɗauka a 1969 ya zama kyaftin ɗinsa.

Mai ɗaukar nauyi na biyu shi ne babbar gasar ƙwararru ta NHL. Daga 1942 zuwa 1967 kulob shida ne kacal a cikinta, kuma kowanne na reno ƙungiyoyin matasa: ya biya koci, kayan wasa da kuɗin tafiya. Sharaɗin shi ne duk yaron da sunansa ya shiga rajistar ƙungiyar ya zama na kulob ɗin, ba shi da ta cewa game da inda zai yi sana'arsa. Boston ta riƙe Oshawa da Niagara Falls da kuma Estevan ta Saskatchewan, Chicago ta riƙe St. Catharines, New York Rangers ta riƙe Guelph. Ta wannan hanya Bobby Orr, ɗan ƙaramin garin Parry Sound wanda daga baya ya zama tauraro a NHL, ya fara buga wa Oshawa a 1962 yana ɗan shekara 14. Tsarin ya tauye yara ƙwarai, amma ga ƙaramin gari alheri ne, tunda in an yi asara a kakar wasa akwai mai cike giɓin.

A 1967 NHL ta koma kulob 12, aka soke renon, aka maye gurbinsa da zaɓen 'yan wasa na shekara-shekara inda kowane kulob ke ɗauka bi da bi. A nan ne ƙafar ƙananan garuruwa ta fara zamewa. A yamma an riga an kafa sabuwar babbar gasa a 1966, wadda ta zama WHL. Quebec ta kafa tata a 1969. A 1970 aka raba matakin sama gida biyu: babban mataki mai neman Kofin Memorial, da mataki na biyu mai neman Kofin Centennial tun daga 1971. Babban mataki na nufin wasa sama da 60 a kaka, tafiyar kwana da kwanaki a bas, da zaure mai cin dubban mutane. Mai ƙungiya ɗan kasuwa ne, sai ya duba inda kujeru suka fi yawa. Estevan Bruins ta tashi zuwa New Westminster a 1971. Swift Current Broncos ta koma Lethbridge a 1974. Flin Flon ta fita daga babbar gasar a 1978, nisa ya ci ƙarfinta da na masu zuwa wasa da ita, a 1984 kuma ta shiga gasar lardin Saskatchewan ta mataki na biyu, inda take har yau, duk da cewa mahaƙar garin ta ƙarshe ta rufe a 2022.

Waɗanda suka tsira ɗayan biyu suka yi. Wasu sun sauka mataki na biyu, inda galibi tafiya ba ta wuce lardi ɗaya. Nan ne gidan irin su Humboldt, Nipawin, Melfort da Weyburn, kuma yawancin abin da ƙanenka ke gani ke nan. Wasu kuwa mutanen gari ne suka haɗa kuɗi suka sayi ƙungiyar. Haka Swift Current, garin da bai kai mutum 20,000 ba, ya dawo da Broncos a 1986 ta hanyar sayar wa jama'a hannun jari. Wannan hannun jarin ba ya kawo riba. Abin da yake saya maka shi ne ƙuri'a a taron shekara, da tabbacin cewa ba wani attajiri da zai wayi gari ya kwashe ƙungiyar zuwa birni. Prince Albert Raiders ta bi hanyar daga ƙasa: an kafa ta a 1971, ta ci Kofin Centennial sau huɗu, a 1977, 1979, 1981 da 1982, sannan ta hau WHL ta ci Kofin Memorial a 1985.

Kuɗin yau daga wurare da dama yake fitowa. Akwai tikitin kaka da iyalai ke saya tun kafin a fara wasa, akwai tallan 'yan kasuwar gari a jikin katangar fili da rigunan wasa, akwai liyafar tara kuɗi, da wata ƙuri'ar sa'a da ake yi ran wasa, rabi na wanda ya ci rabi na ƙungiya. Wasu ƙungiyoyin Saskatchewan har gona suke nomawa: wani ya ba da fili, dillali ya ba da iri da taki, manoma su kawo injuna su yi girbi, a sayar a zuba a asusu, kamar dai aikin gayya. Zauren kuwa galibi na hukumar gari ne, kuma shi ne ya fi cin kuɗi, domin ƙarƙashin daɓen siminti akwai bututai da injin sanyaya ke tura ruwan gishiri mai tsananin sanyi ta cikinsu dare da rana, don riƙe ƙanƙarar da kaurinta ke wajen santimita uku. In zaure ya tafi, ƙungiya ta tafi. Da na Oshawa ya ƙone a 1953, Generals ta ɓace sai 1962.

'Yan wasan yawanci baƙi ne. Yaro ɗan shekara 16 zai bar gidansu, a sauke shi gidan wasu mutanen gari, su ci da shi, su kai shi makaranta, ƙungiya ta ba su ɗan abin cefane a wata. Ba albashi, sai ɗan alawus. A WHL duk kakar da yaro ya buga ana biya masa kuɗin karatun shekara ɗaya a jami'a. An kai ƙara a 2014 a kan mafi ƙarancin albashi, larduna da dama kuma suka yi doka cewa waɗannan 'yan wasa ba ma'aikata ba ne. Haɗarin tsarin a bayyane yake: yaro na nesa da iyayensa, makomarsa na hannun koci. Shari'ar Graham James, tsohon kocin Swift Current da aka ɗaure a 1997 saboda lalata da 'yan wasansa, ita ta tilasta wa hukumomin hoki tantance koci da masu aikin sa-kai da koyar da su kare yara.

Sai haɗarin hanya. Ran 30 ga Disamba 1986 bas ɗin Swift Current ta zame a kan ƙanƙarar titi a hanyar Regina, 'yan wasa huɗu suka mutu. Joe Sakic, wanda daga baya ya zama tauraro a NHL, na cikin waɗanda suka tsira. A 1989 ƙungiyar ta ci Kofin Memorial a Saskatoon. Ran 6 ga Afrilu 2018 tirela ta ƙi tsayawa a mahaɗa, ta yi karo da bas ɗin Humboldt Broncos a hanyar Nipawin: mutum 16 suka mutu, 13 suka ji rauni. An tara wa iyalai sama da dalar Kanada miliyan 15. Daga 2019 Saskatchewan ta wajabta horo kafin a ba direban tirela lasisi.

Abin da mai kallo daga nesa bai cika lura da shi ba shi ne shekaru. A babban mataki 'yan shekara 20 uku kawai aka yarda ƙungiya ta riƙe, don haka duk bayan shekara uku ko huɗu sai an sake gini. Ƙaramin gari in ya ga damar cin kofi, sai ya ba da haƙƙinsa na zaɓen yara na shekaru masu zuwa ya karɓo manyan 'yan wasa kafin a rufe musaya a watan Janairu. In an ci, an yi biki, kakar gaba kuma a sha wuya. Swift Current ta zama zakaran WHL a 2018, kakar da ta biyo baya wasa 11 ta ci cikin 68. Acadie-Bathurst Titan, ƙungiyar garin Bathurst a gabashin Kanada, ta ɗauki Kofin Memorial a 2018 ɗin, sannan ta ci wasa 8 kacal. Kujeru suka yi ta zama fayau, masu ita suka sayar, a 2025 aka kai ta birnin St. John's. Bathurst da Swift Current duka ƙanana ne, bambancin shi ne ta Swift Current ba ta da mai ita guda da zai sayar.

Yanzu mataki na biyu ne ke cikin tsaka mai wuya. Shekaru da dama abin da yake jawo yara da shi shi ne hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ba ta karɓar wanda ya taɓa bugawa a babban mataki, tana ɗaukarsa ƙwararre. Duk mai son gurbin karatu a Amurka dole ya tsaya a irin su Humboldt ko Flin Flon. A Nuwamba 2024 hukumar ta soke wannan doka, sokewar ta fara aiki ran 1 ga Agusta 2025. Yaro mai hazaƙa yanzu na iya bugawa a WHL ya kuma tafi jami'ar Amurka, saboda haka ƙungiyoyin mataki na biyu sun fi dogara da yaran yankinsu da waɗanda babban mataki ya sallama.