Lambar FDA ta ishe ni in kai yajin ƙuli Jamus da Kano?

Wata Hajiya mai sana'ar yajin ƙuli da dakuwa a Aboabo, cikin Kumasi, ta aiko da tambaya: "Malam, kayana suna da rajistar FDA, hukumar abinci da magunguna ta Gana, ga lamba a jikin kowace leda. Wani mai shago a Hambog ta Jamus yana son katan-katan, wata dillaliya a Kano ma ta yi magana. Lambar nan ta wadatar, ko akwai sauran ɗawainiya?"

Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Akwai sauran ɗawainiya. Lambar FDA izinin sayarwa ce a kasuwannin Gana, kuma jami'in da ke tashar jirgin ruwa ta Hambog ba ita zai nema ba. Sakamakon gwaji zai nema, sannan ya duba wane ɗakin gwaji ne ya yi shi.

A nan mutanenmu suke yawan asarar kuɗi. Ɗakin gwajin da ake yarda da takardarsa a waje shi ne wanda aka tantance bisa ƙa'idar ISO/IEC 17025, kuma hukumar da ta tantance shi tana cikin yarjejeniyar ILAC, wadda a ƙarƙashinta hukumomin ƙasashe suka amince da aikin juna. Kamar mudu ne a kasuwa: idan mai saye ya san sarkin kasuwa ya duba shi, ba ya cewa a sake awo. Amma tantancewar ba ta rufe kowane irin gwaji. Ana iya tantance ɗaki a kan gwajin ruwan sha, ba a tantance shi a kan gyaɗa ba. Kafin ki biya ko sidi ɗaya, ki ce su nuna miki jerin gwaje-gwajen da aka amince musu, ki ga gwajin gubar aflatoksin a ciki da idonki. Ko hukumar ingancin kaya ta Gana, GSA, kika je, ki yi wannan tambayar. Babu rashin ladabi a ciki.

Aflatoksin guba ce da ke fitowa daga funfunar gyaɗar da aka adana da laima, kuma suya ba ta kawar da ita. Tarayyar Turai ba ta yarda ta wuce maikirogiram 4 a kilo ɗaya na gyaɗar ci. Kayan da suka wuce haka, ko a ƙona ko a dawo da su, kuma da wuya kuɗin ya fita daga aljihun mai shagon. Turawan ba sa sassauci: daga Oktoban 2015 zuwa ƙarshen 2017 sun hana barkono da yalon Gana shiga ƙasashensu saboda ƙwari. Don haka gyaranki daga buhu zai fara. Ki sayi busasshiyar gyaɗa, a tsince baƙaƙe da motsattsu, ko da masu aikinki za su yi gunaguni.

Ta Kano kuwa gajeruwa ce. Tsarin ETLS na sauƙaƙa kasuwanci tsakanin ƙasashen ECOWAS harajin kwastan yake ɗauke miki, amma rajistar NAFDAC, hukumar abinci da magunguna ta Najeriya, tana nan, kuma ta hannun wakili a Najeriya ake yin ta. Ofishin yarjejeniyar kasuwanci ta Afirka, AfCFTA, da ke Akra ma bai mayar da lambar FDA ta zama ta NAFDAC ba.

A ganina kada ki kama biyun lokaci guda. Ki fara da ɗan Hambog, ki ce ya rubuto miki takardun da hukumarsu ke buƙata, har da shaidar fitar da kaya daga hukumar Gana. Idan ya kasa lissafo su, to bai taɓa shigo da kayan gyaɗa da sunansa ba. Ki gwada samfuri tun kafin ki ɗaure katan ko ɗaya, ki raba kuɗin gwajin a kan kowace leda, domin kowane zubi da nasa gwajin. A rubuta wanda zai ɗauki asara in aka tare kayan, ya kuma ba da rabin kuɗi kafin mota ta tashi zuwa tashar jirgin ruwa ta Tema.