Ya tashe ki daga gadon asibiti, yanzu kuma aiki ya tafi?

'Yar'uwa, kin ce bara Ubangiji ya tashe ki daga rashin lafiya mai tsanani, bana kuma an sallame ki daga aiki, tsoro ya hana ki barci, har kina zargin bangaskiyarki ce ta mutu. Ni ban ga alamar mutuwa ba. Mantuwa ce, kuma ba a kanki farau ba.

Buɗe Fitowa sura 16. Wata ɗaya kacal da barin Masar, Isra'ilawan da suka ratsa teku a kan busasshiyar ƙasa suka fara gunaguni a jejin Sin, wai gara tukwanen naman Masar. Allah ya ba su manna, wato abinci daga sama, amma na yini ɗaya kawai, sai ranar shida suke tara na kwana biyu. Waɗanda suka ɓoye saura don gobe, da safe suka tarar ya yi tsutsa yana wari. Wannan ne wurin da yake mana wuya, mu masu son ganin rumbu cike kafin hankali ya kwanta. Duk da haka an umarci Haruna ya adana mudu guda a tulu, domin jikoki su gani da idonsu.

Ke ma ki yi tulunki. Takardar sallamar asibitin nan, kada ki jefar, ki sa ta cikin Littafi Mai Tsarki a Zabura 77, inda Asaf mawaƙi ya kasa barci ya shiga tuna ayyukan Ubangiji na dā. Sannan ki faɗa wa shugabar zumuntar mata halin da kike ciki, kunya ba ta biyan kuɗin haya. Takardun neman aiki kuwa, ki fara kai su ranar Litinin.