Tambaya da Amsa: Yaya Roka Ke Dawowa Ta Sauka a Tsaye?

Tambaya: Na kalli harba wata roka kai tsaye, sai ga gindinta ya dawo ya tsaya cak a kan wani jirgin ruwa. Yaya ake yin haka, kuma me ya hana a saukar da shi a tudu?

Amsa: Malam, ga alama Falcon 9 ka gani, ta kamfanin SpaceX na Amurka. Kimanin minti biyu da rabi bayan tashi, sashen ƙasa mai injuna 9 yakan rabu da na sama, ya juya, sannan ya sake kunna wasu injunan domin rage gudu yayin da yake shigowa cikin iska, wasu fikafikai huɗu masu kama da raga suna saita masa hanya.

Saukar ce ta fi burge ni. A lokacin man ya kusa ƙarewa, sashen ya yi sauƙi, har inji ɗaya ma ya fi ƙarfin nauyinsa, saboda haka ba zai iya tsayawa yana shawagi ba. Dole ne gudunsa ya ƙare daidai lokacin da ƙafafunsa huɗu suka taɓa saman jirgin ruwan, in ba haka ba ya tarwatse.

Batun teku kuwa, mai ne dalili: komawa tudu na cin mai da yawa, don haka idan kayan da rokar ta ɗauka sun yi nauyi sai a tare shi a can. An fara saukarwa a tudu a Florida cikin Disamba 2015, a teku kuma cikin Afrilu 2016.