Kar ku janye odar nan, in ta kama a gyara ta

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki, cewa kotu ta ba da oda wanda ya yi ma ƙanwarki fyaɗe kar ya kusance ta, yanzu kuma dattawan unguwa da danginshi sun taso ku gaba wai a janye a yi sulhu, don odar ta hana shi buɗe shagonshi da ke layinku. Allah ya saka ma yarinyar nan ya ba ta lafiya.

Na daɗe ina raka mata kotu nan Birnin Kebbi, kuma shawarata kar ku janye. Janyewa daban, gyara daban, mutane da yawa ba su san ana iya gyara odar ba tare da an soke ta ba. Dokar VAPP, wato dokar hana cin zarafin mutane, da Jonathan ya sa ma hannu a 2015, wadda Kebbi ta yi tata a zamanin Bagudu, ta ba kowane ɓangare dama ya rubuta ma kotu ya nemi a sauya sharuɗɗa ko a soke, amma sai an sanar da ɗaya ɓangaren a rubuce kuma sai alƙali ya gamsu akwai dalili mai ƙarfi. To in shago ne damuwarshi shi ya je ya shigar da tashi takarda mana, me ya sa ku za a turo ku cire ma kanku kariya? Ku kuma lauyanku ya tsaya kan cewa ba shiga gidanku, ba tsare ta a hanyar makaranta ko islamiyya, ba kiran waya ba aike.

Kuma ki sani in ƙanwarki ce ta nemi a soke, alƙali ba zai amince ba sai ya tabbatar da son ranta ta zo ba tilasta ta aka yi ba. Wallahi na ga yarinyar da aka kawo kawunnanta na zaune bayanta, tana cewa ta yafe hawaye na zuba, aka janye, ba a daɗe ba mutumin ya dawo yana zama ƙofar gidansu yana mata dariya har ta bar zuwa makaranta. Masu cewa a rufa asiri babu wanda ya leƙo a cikinsu. Abin nan har yau yana ci min rai.

Amfanin odar shi ne tana tafe da warantin kamu da aka jingine, da ya karya sharaɗi ku kai rahoto 'yan sanda su ɗauke shi. A dokar tarayya karya ta na iya jawo tarar da ta kai N300,000 ko wata 6 a gidan yari ko duka biyun. Kuna janyewa wannan duk ya tafi, sai kun sake sabon fayil.

Sannan kar a ruɗe ku, shari'ar fyaɗen kanta ta gwamnati ce, soke oda ba ya kashe ta, duk wanda ya ce maku sa hannu ɗaya zai rufe komai bai faɗa maku gaskiya ba.

Ki zauna da ƙanwarki ku biyu kawai, ba Baba ba kawu, ki tambaye ta me take so. Ki ajiye kwafin odar, ki riƙa rubuta ranar da duk wani ya zo roƙo ko barazana, saƙonnin waya ma kar a goge. Kafin kowa ya sa hannu a wata takarda ku je wajen lauyoyin FIDA (ƙungiyar mata lauyoyi) ko Legal Aid (hukumar taimakon shari'a ta gwamnati), ba sa karɓar kuɗi wajen marasa hali, su karanta maku ita da Hausa tukuna.