Tambaya da Amsa: Ƙanena na so mu haɗa kuɗi mu sayi jirgin ruwa a Ingila

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Ƙanena da ke aiki a kudancin Ingila ya ga wani jirgin ruwa na hannu, irin mai doguwar sanda da ƙyalle wanda iska ke turawa, ƙirar 2003, tsawonsa mita goma. Yana so in ba da rabin kuɗin, ya riƙa ba da shi haya muna raba riba. Ya turo mini hoton wata takarda mai ɗauke da haruffan SSR da lamba, ya ce rajistar jirgin ke nan, komai lafiya. Ni dai ban taɓa hawa ko kwalekwalen Tiga ba. Wannan takarda ta isa in tura kuɗi? — Mai karatu daga Fagge

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Ba ta isa ba, kuma ka dakata da tura kuɗin.

Ba wai takardar ta jabu ba ce. SSR rajistar ƙananan jirage ce ta Birtaniya, ta waɗanda tsawonsu bai kai mita 24 ba, kuma aikinta ɗaya ne: ta nuna jirgin na ƙarƙashin tutar Birtaniya idan ya shiga ruwan wata ƙasa. Ba ta tabbatar da mallaka, kuma ba a rubuta jingina a cikinta. Rajistar da ke yin wannan aiki ita ce wadda suke kira Kashi na Ɗaya, da ofishinta ke birnin Kadif (Cardiff) na Birtaniya. A can mutum zai biya 'yan kuɗi a fitar masa da bayanin jirgi: sunan mai shi, da ko akwai bankin da ke riƙe da shi. Jirgin da ƙanenka ya gani ba ya cikin wannan kundi, don haka binciken ya dawo kanku.

Abin da ya sa na tsaya a nan shi ne, bashin jirgin ruwa yana iya bin jirgin duk hannun da ya koma. A 1992 wata kotu a Ingila ta yi shari'a kan wani jirgi mai suna Shizelle, wanda aka jinginar da shi ba tare da an rubuta jinginar a rajista ba, sannan aka sayar. Masu sayen ba su san da bashin ba, amma kotu ta ce jinginar na nan daram a kan jirgin. Haka ma tashar da ake ɗaure jirage ko wurin gyara, idan suna bin tsohon mai shi kuɗi, suna iya hana jirgin motsawa sai an biya su.

To me za a nema? Ka san yadda ake sayen fili a Kano: mai hankali ba ya tsayawa ga takardar mai sayarwa, sai ya bi baya ya ga wa ya sayar wa wa. A nan ma ƙanenka ya nemi takardun cinikin duk waɗanda jirgin ya bi ta hannunsu, na asali, ba hoto ba. Idan an samu tun daga takardar kamfanin da ya ƙera shi, madalla. In ba haka ba, a ƙalla na shekara biyar da suka wuce, domin abin da ofishin Kadif ke nema ke nan kafin ya saka jirgi a Kashi na Ɗaya. A haɗa da rasit na farko da ke nuna an biya harajin VAT, wanda a yau kashi 20 ne cikin ɗari. A kuma duba sunan da ke kan takardar ciniki ta ƙarshe, a gwama da fasfon mai sayarwa. Idan suna biyu ne a kai, miji da mata misali, dukansu za su sa hannu. Sannan mai sayarwa ya rubuta cewa babu jingina ko bashi a kan jirgin, ƙanenka kuma ya taka da ƙafarsa ofishin tashar ya tambaya ko ana binsa wani abu.

Sai lambar jikin jirgin. Tun daga 1998 dokar Turai ta wajabta wa jiragen shaƙatawa lamba mai haruffa da alƙaluma 14, a bayan jirgin ta hannun dama. Biyun farko ƙasar da aka ƙera shi, uku na biye kamfani, biyun ƙarshe shekarar ƙira, wato naku ya kamata ya ƙare da 03. Ƙanenka ya karanta ta da idonsa, ya shafa wurin da hannu. Idan ya ji alamar kankara ko sabon fenti a wurin kaɗai, ko harafi ɗaya ya saɓa da na takarda, ya haƙura da jirgin komai arharsa.

Lafiyar jirgin kuwa ba aikin ƙanenka ba ne, balle kai da kake Fagge. A ɗauki safiyon jirage, wato ƙwararren mai duba lafiyar jirgi, wanda ku za ku zaɓa ku biya, ba wanda dillali ya kawo ba. Zai sa a ɗaga jirgin daga ruwa, ya duba ko faibar jikinsa ta sha ruwa ta yi ƙuraje, ya duba kusoshin da ke riƙe da nauyin da ke ƙarƙashinsa, nan ne ake gane jirgin da ya taɓa karo da dutse. Wayoyin ƙarfen da ke riƙe da sandar ma, kamfanonin inshora da yawa kan so a canja su duk bayan kamar shekara goma, sai a nemi rasit ɗin canjin ƙarshe. Al'adar can ita ce a ba da kafin alƙalami na kashi goma cikin ɗari, ya zauna a asusun amana na dillali, da sharaɗin za a dawo da shi idan safiyo ya gano babbar matsala.

Akwai abu biyu da ƙanenka bai faɗa maka ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Jirgin da za a ba da haya a Birtaniya sai an duba shi an ba shi takardar izinin kasuwanci, wannan kuma wani kashe kuɗin ne, ban da inshora da kuɗin wurin ɗaure jirgi na kowace shekara. Ya lissafa maka su a rubuce kafin a fara zancen riba. Na biyu, rajistar SSR ta mazauna Birtaniya ce, ka ga sunanka ba zai hau kanta ba. A tsarinsu mallakar jirgi kaso 64 ce, rabi ya zama 32. Ka sa a rubuta hakan a takardar ciniki da cikakken sunanka, ku kuma yi yarjejeniya tsakaninku a gaban shaidu, kan wa zai biya gyara da yadda za a yi idan ɗayanku ya so fita. Na san abin da nauyi tsakanin wa da ƙane, sai ka ce masa lauyanka ne ya nema.