Famfo mai sensa da yake kunna kansa

Malam, ka ce famfonka yana zuba shi kaɗai ba kowa a wurin, wani lokacin kuma ka miƙa hannu ya yi maka shiru. Ba aljanu ba ne wallahi, ɗan idon da ke jikinsa, wato sensa, shi ke harba hasken infrared wanda idon mutum ba ya gani, in hasken ya bugi abu ya dawo masa sai famfon ya buɗe, shi ya sa madubi ko kwanon silba mai ƙyalli ke ruɗa shi, baƙar tukunya kuwa sau da yawa ba ya ma ganinta. Fara goge idon tukuna, kumfar sabulu na rufe shi. In jar wuta na ƙyaftawa to batir ne, yawanci AA guda 4. In kuma kana jin "tik" amma ba ruwa, kwance 'yar rariyar bakin tiyon ka wanke, yashin bohol ne ya toshe ta.